Yadda ake tantance tsohon kwabon jan ƙarfe: gano iri, auna suɗewa, yanke farashi

Kwabbai biyu na jan ƙarfe za su iya fitowa daga gidan buga kuɗi ɗaya, a shekara ɗaya, da zane iri ɗaya, amma kuɗin ɗaya bai wuce na cefanen yini ba, ɗayan kuma ya isa a sayi mota. Abu uku ne ke raba su: hatimin da ya buge kwabon, wato ƙarfen da aka sassaƙa zanen a jikinsa, yawan suɗewar da ya yi a hannun mutane, da lafiyar fatar ƙarfen. Ana bin su ne a jere. Sai an tabbatar kwabon na gaske ne, a gano irinsa, a auna suɗewarsa, a rage masa saboda aibi, sannan a zo maganar kuɗi. Wanda ya fara da tambayar "nawa zai yi?" yakan ƙare da sayen jabu, ko ya sayar da mai tsada a farashin gama-gari.

Misalin da za mu bi shi ne babban senti na Amurka, wanda aka buga a Filadelfiya daga 1793 zuwa 1857, ban da 1815, shekarar da yaƙi da Ingila ya katse faya-fayan jan ƙarfen da ake kawowa daga Bamingam ta Ingila. Dalilin zaɓensa shi ne a kansa aka ƙirƙiro mizanin 1 zuwa 70 da duniya ke auna tsabar kuɗi da shi yau, kuma babu kwabon da aka bi diddiginsa hatimi bayan hatimi kamarsa.

Kayan aiki da zaman dubawa

Ana buƙatar sikelin lantarki mai nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da ma'aunin faɗi na roba, don na ƙarfe yana karce gefe. Gilashin ƙara girma biyu: mai ninki 5 don auna suɗewa, mai ninki 10 don neman alamun hatimi. Kada a auna daraja da mai ninki 10, domin yana mayar da ɗan tabon da bai kai a kula ba ya zama kamar rami. Fitila ɗaya mai ƙwai ɗaya ta wadatar, a kashe sauran hasken ɗakin. Doguwar fitilar silin tana baza haske ko'ina, ta ɓoye siraran layukan guga, waɗanda su ne ake nema.

A shimfiɗa ƙyalle mai laushi a tebur. A riƙe kwabo ta gefensa da yatsa biyu, a riƙa karkata shi a hankali ana juyawa, hasken na yawo a kan fuskarsa. Kada a yi magana ko tari a kansa. Ɗigon yawu da ido ba ya gani yakan zama baƙin tabo bayan watanni, kuma ba ya fita.

Na gaske ne?

Sikeli ne mai fara magana. Sentin 1793 zuwa ƙarshen 1795 yana da nauyin giram 13.48. Daga nan aka rage shi zuwa giram 10.89, haka ya tsaya har 1857. Wanda ya sha yawo ko tsatsa ta ci shi yakan yi ƙasa da haka kaɗan, amma babu dalilin da zai sa ya ɗara sosai. Faɗin yawancinsu milimita 28 zuwa 29 ne, na 1840 zuwa 1857 kuwa 27.5. Maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe; in ya kama, magana ta ƙare.

Sai gefe. Masu nauyi na farko suna da ado ko rubutu a gefensu, kamar ONE HUNDRED FOR A DOLLAR, masu sauƙin nauyi kuwa kusan dukkansu gefensu sumul ne. A gefen ne jabu ya fi tona kansa. Wanda aka zuba a zubi yana da layin haɗi ko alamar zarto inda aka goge layin, haruffansa kuma sun yi kamar sun narke, da ƙananan ƙuraje a fili. Akwai wani tsohon nau'in kwafi da aka riƙa yi da lantarki tun ƙarni na 19: ɓawo biyu na jan ƙarfe masu sirara, a cika tsakiya da dalma a manne. Fuskarsa tana ruɗin ƙwararru, amma gefensa na da ɗinki, nauyinsa ba ya daidai, kuma inda ya goge za a ga toka-tokar dalma tana leƙowa. In an ɗora shi a kan yatsa aka ɗan taɓa da fensir, sautinsa a mace yake. Kada a jefa kwabo a tebur don jin ƙara, lotsewar leɓe, wato bakin kwabon, tana rage masa kuɗi nan take.

Shekaru biyu aka fi yi wa aika-aika saboda tsadarsu: 1799 da 1804. Ana sassaƙa 8 ta 1798 ta koma 9, ana mayar da 1 ta ƙarshen 1801 ta zama 4. A duba kewayen lambar da gilashi mai ninki 10: filin da aka kankare yakan ɗan zurfafa, launinsa ya bambanta. Na 1804 yana da gwaji mai sauƙi. Hatimi biyu kacal suka buga shi, na fuska da na baya, kuma sifilin shekarar yana daidai saitin harafin O na kalmar OF da ke baya. A ɗora babban yatsa a kan sifilin, manuni ya kamata ya sauka a kan O ɗin. In ya kauce sosai, ba shi ba ne. Yawancin 1799 na gaske waɗanda ba a gyara shekararsu a kan hatimi ba kuma suna da ɗan ƙullutun ƙarfe a baya, tsakanin E ta ONE da T ta CENT.

Jabun zamani ya fi wuyar kamawa, don bugawa ake yi da hatimin da aka kwafo daga kwabo na gaske. Rauninsa shi ne yana kwafo har da tabon da asalin ya samu a kasuwa. Idan aka ga kwabbai biyu da lotsewa ɗaya a wuri ɗaya, siffa ɗaya, to daga uwa ɗaya ta jabu suka fito. Dokar Amurka ta 1973 ta wajabta buga kalmar COPY a kan kwafi, sai dai masu ha'inci ba sa bugawa, wasu kuma su cike ta su rina.

Gano iri

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma ake samun riba. Da farko a san zanen. A fuskar kowanne akwai hoton kan mace, da kalmar LIBERTY da shekara. A 1793 kaɗai an yi uku: mai sarƙa a baya, wanda aka buga guda 36,103 kawai, sai mai zoben ganye, sai mai hula a kan sanda, wanda ya kai 1796. Mai mayafi a kafaɗa ya ɗauka daga 1796 zuwa 1807, mai ɗaurin goshi 1808 zuwa 1814, mai kambi 1816 zuwa 1839, mai kitso 1839 zuwa 1857.

A shekarun farko da hannu ake haɗa kowane hatimi. Maƙeri yana buga haruffa ɗaya bayan ɗaya, lambobin shekara ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara ganye da 'ya'yan itace a zoben baya. Hannu kuwa ba ya maimaita kansa, shi ya sa babu hatimi biyu da suka zo daidai. Haɗuwar hatimin fuska ɗaya da na baya ɗaya ita ce ake kira iri. William Sheldon ya jera ire-iren 1793 zuwa 1814 da lamba a littafinsa na 1949, daga S-1 zuwa S-295, da wasu da ya yi wa alamar NC saboda ƙarancinsu ya kai ba a sa ran samu. Shekarar 1794 kaɗai ta ɗauki S-17 har S-72. Na 1816 zuwa 1857 kuwa lambobin Howard Newcomb ake bi, masu farawa da N, su kuma kowace shekara daga 1 suke sake farawa. Don haka faɗin "N-10" ba tare da shekara ba bai gaya wa kowa komai ba.

Wasu ire-iren ido tsirara yana ganinsu. Akwai 1796 da aka rubuta LIHERTY maimakon LIBERTY. Akwai 1801 mai kuskure uku a baya: 1/000 a madadin 1/100, kara ɗaya a ƙasan zoben ganye maimakon biyu, da UNITED da ta fito kamar IINITED. Akwai 1817 mai taurari 15 a maimakon 13, wato N-16. Akwai shekarun da aka buga a kan wasu don kada a yar da hatimi, kamar 1807 a kan 1806, ko 1823 a kan 1822, inda tsohuwar lambar ke leƙowa a ƙarƙashin sabuwa. Sauran kuwa sai an zauna.

Hanyar ita ce a daina kallon zanen, a koma kallon tazara. A fuska, a duba tsinin gashi mafi tsawo a ƙarƙashin wane harafi na LIBERTY ya faɗo: tsakiyar R, ko tsakanin E da R. A duba 1 ta shekara, tana taɓa murɗin gashi ko akwai rata. A duba lambar ƙarshe, ta shige cikin mayafi ko ta tsaya nesa. Lambobin a matse suke ko a warwatse, akwai wadda ta karkata ko ta yi sama. A baya kuma a ƙirga 'ya'yan itacen hagu da na dama daban-daban, a rubuta. Sannan a bi tsinin ganye: wanda ke ƙarƙashin D ta UNITED, da na ƙarƙashin S ta ƙarshen STATES, da na ƙarƙashin F ta OF, kowanne ya wuce harafin, ko yana tsakiyarsa, ko bai kai ba. Waɗannan ukun kaɗai sukan rage ire-ire goma sha su koma biyu ko uku a kwabban 1816 zuwa 1835. Ya fi kyau a fara da gefen da ya fi rage zane, ko da baya ne, a kuma tabbatar da ɗaya gefen kafin a rubuta lamba, domin hatimin fuska ɗaya yakan yi aiki da na baya biyu ko uku, kuma sau da yawa ɗaya haɗin gama-gari ne, ɗayan kuwa da wuya a gan shi.

Ƙa'ida ɗaya ba a mantawa da ita: abin da ya faru a hatimi yana fitowa a tashe a kan kwabo, abin da ya faru da kwabon bayan bugu yana nutsewa ciki. Tsagewar hatimi siririn layi ne mai tudu, kamar jijiya a bayan hannu. Karce kuwa kwari ne, kuma yakan tura ƙarfe ya taru a bakinsa. A karkata kwabon hasken ya zo ta gefe: tudu yana haskawa ta ɓangaren fitila, kwari yana haskawa ta ɓangaren nesa. Idan ɓangaren hatimi ya ɓalle a baki, sai a ga dunƙulen ƙarfe marar zane a leɓen kwabo. Sabon shiga yakan ɗauka lalacewa ce, alhali shaida ce, wani lokaci ma tana ƙara kuɗi. Sentin 1804, S-266, ana raba shi kashi uku ta wannan hanya: marar ɓalli, mai ɓalli a saman RTY, da wanda ya ƙara da wani a baya a saman MERIC.

Masu kitso na 1840 zuwa 1857 sun fi ba da wahala, don a lokacin an riga an koma fitar da dukan zanen daga uwar hatimi ɗaya, shekara ce kawai ake bugawa daban. Abin da ya rage shi ne matsayin shekarar a kan haƙoran leɓe, wato ƙananan tsinin da ke jere a kewayen bakin kwabo, da ƙasan wuya, da siraran layukan zarto da maƙeri ya bari. A kwabon da ya suɗe ƙasa da matsakaici waɗannan layukan sun tafi, kuma gaskiyar magana ita ce a bar shi ba lamba ya fi a laƙa masa ta zato.

Bayan lamba sai ƙaranci. R1 shi ne wanda aka kiyasta akwai fiye da 1,250, R2 daga 501 zuwa 1,250, R3 daga 201 zuwa 500, R4 daga 76 zuwa 200, R5 daga 31 zuwa 75, R6 daga 13 zuwa 30, R7 daga 4 zuwa 12, R8 kuma 1 zuwa 3. R1 zuwa R3 ba su cika ƙara komai a kan farashin shekarar ba. Daga R5 ne kuɗi ke fara tashi sosai. Wannan ne ya sa ake duba haƙoran bayan kowane 1794: S-48 yana da ƙananan taurari 94 a tsakaninsu, kuma ko ya suɗe har fuskar ta kusa shafewa, kuɗinsa dubban daloli ne. A lura kuma cewa lambar ƙaranci tana sauka idan aka gano sababbi, saboda haka tsohon littafi yakan nuna iri ya fi ƙaranci fiye da yadda yake yau.

Auna suɗewa

Sheldon ya gina mizaninsa a kan farashi ne. A kasuwar zamaninsa, kwabon da ke matakin 4 yana cin ninki huɗu na wanda shekararsa kawai ake iya ganewa, na 12 ninki goma sha biyu, haka har 70. Lissafin ya rushe tuntuni, lambobin ne suka rage, kuma a shekarun 1970 aka shimfiɗa su a kan dukan kuɗin Amurka. Shi ya sa matakan ke tsalle: 4, 8, 12, 20, 40, 50, 60.

A ɗauki mai kitso a matsayin misali, a bi wuraren da suka fi tudu, don su hannu ke fara ci: gashin saman kunne, kitson goshi, kunci, da saman ganyen baya. Haruffan da ke gaban kowace lamba taƙaicen sunan matakin ne a Ingilishi. A G-4 kan ya zama inuwa, amma shekara da LIBERTY suna karantuwa, leɓe ya fara haɗewa da taurari. A VG-8 siffar kunne ta fito, ana ganin wasu layukan gashi. A F-12 kusan rabin gashin ya rabu, kitson goshi ya bayyana ko da ya lafe. A VF-20 zuwa 35 yawancin gashin a rabe yake, lafewar ta tsaya a saman tudu. A EF-40 sai an nema ake ganin ƙananan wurare masu sulɓi a saman kunne da ganye. A AU-50 suɗewar ba ta wuce canjin launi a kan tudu ba, kuma da sauran sheƙin bugu a lungunan haruffa. Daga MS-60 zuwa sama babu suɗewa ko kaɗan.

Sheƙin bugu ba ƙyallin guga ba ne. Lokacin da hatimi ya danne faifai, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar layuka ƙanana fiye da ganin ido. In an karkata kwabon a ƙarƙashin fitila, haske yana kewayawa a kansa kamar fukafukan fanka. Wanda aka goge yana ƙyalli ko'ina lokaci ɗaya, ba ya kewayawa. Sheƙi in ya tafi ba ya dawowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar raunin bugu a matsayin suɗewa. Injin Filadelfiya na farko da ƙarfin hannu yake aiki, hatimai kuma ba kullum suke zama daidai ba, sai gefe ɗaya ya fito sosai ɗayan ya dushe. Sentin 1799 ya shahara da haka: in shekarar ta fito da kyau LIBERTY ta yi rauni, in LIBERTY ta fito shekarar ta dushe. Bambancin shi ne suɗewa tana cin dukan tudu daidai wa daida a fuska da baya, ta bar wurin da sulɓi da launi mai haske. Raunin bugu yana tsayawa wuri guda, kuma fatar wurin tana da ɗan kaushin faifan asali. Wannan ma dalili ne na gano iri kafin aunawa, don kowane iri an san inda yake fitowa da rauni.

Ragi saboda aibi

Masu tara jan ƙarfe na farko, musamman 'yan ƙungiyar EAC (Early American Coppers) ta Amurka da aka kafa a 1967, lamba biyu suke bai wa kwabo. Ta farko ta kaifin zane ce, ta biyu kuma ita ce abin da ya rage bayan an cire aibi. Tambayar da suke yi wa kansu ita ce: da wane kwabo marar aibi zan yarda in musanya wannan? Idan zanensa ya kai 30 amma akwai lotsewa a leɓe da karce a kunci, mai yiwuwa da lafiyayyen 20 za a musanya shi, sai a rubuta 30/20. In fatar ta yi zanzana ko'ina, zai iya sauka 12 ko ƙasa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya ga ɗaruruwan kwabbai ake nufi.

Wurin aibi ya fi girmansa muhimmanci. Karce a kunci ko a filin gaban fuska ya fi wanda ya ɓuya a cikin gashi ko ganye ciwo sau da yawa. Tsohon karce da ya yi launi ɗaya da kwabon ya fi sabo mai jan haske sauƙi. Huda, cikon huda, lanƙwasa, da sake sassaƙa gashi da ƙarfe don ya yi kaifi su ne mafi muni. Ana gane sassaƙa da layukan gashi masu kaifi a kan kwabon da sauran jikinsa ya suɗe, ko fili mai sulɓi fiye da kima wanda haruffa ke tsaye a cikinsa kamar tsibirai da ragowar zanzana a gindinsu.

A yi wa kowace shekara adalci gwargwadon ƙarfenta. Na 1808 zuwa 1814 yawancinsu baƙaƙe ne masu kaushi, saboda haka samun mai fata sumul launin cakulan a cikinsu abu ne da ake biyan ƙari a kai. Masu kitso kuwa lafiyayyu sun yi yawa, babu dalilin sayen mai aibi sai in irin ne ke da wuya.

Kamfanonin tantancewa, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, suna rufe kwabo a kwanson roba da lamba ɗaya. In aibin ya yi yawa ba sa ba da lamba, sai su rubuta matakin zanen da sunan aibin. Lambarsu takan ɗara ta 'yan EAC, wani lokaci da mataki guda ko fiye, don haka ba a haɗa lambar wannan da jadawalin farashin wancan. Ga wanda bai shiga hannu ba suna ƙara alamar launi. A ma'aunin PCGS, RD in jan asali ya kai kashi 95 cikin ɗari, RB in yana tsakanin 5 da 95, BN in bai kai 5 ba. Jan asali yana da ɗumi da sheƙi mai kewayawa. Launin hoda ko ruwan lemo mai ɗaukar ido alamar an tsoma shi a sinadari ne.

Farashi

Jadawalin farashi mafari ne kawai. Abin dogaro shi ne sakamakon gwanjon da aka riga aka kammala, wanda manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da Stack's Bowers ke ajiyewa a intanet da hotuna. A nemi iri ɗaya, a mataki ɗaya, cikin shekara biyu ko uku da suka wuce, a sami aƙalla uku, a ɗora hotunansu kusa da kwabon a kwatanta fata da launi. Kuɗin da wani ya rubuta yana nema ba farashi ba ne, sai wanda aka biya. A tuna cewa adadin da aka wallafa ya haɗa da la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kusan kashi 20 cikin ɗari, don haka abin da ya shiga aljihun mai kaya bai kai haka ba. Dillali ma dole ya saya ƙasa da yadda zai sayar.

Tazarar tana da faɗi ƙwarai. Mai kitso gama-gari da ya suɗe 'yan gomomin daloli ne, alhali wani mai sarƙa na 1793 da bai shiga hannu ba an sayar da shi dala miliyan 2.35 a Janairun 2015. Kyau shi kaɗai kuma ba ya nuna ƙaranci. Dubban sentin 1816 zuwa 1820 sababbi fil sun fito daga wata taska da ta shiga hannun John Swan Randall a jihar New York bayan yaƙin basasar Amurka, shi ya sa 1818 N-10 da 1820 N-13, masu tsagewar hatimi da ta kewaye taurari, suna samuwa cikin sauƙi ko a matakin MS. Ga ire-ire masu wuya akwai jerin mafi kyawun kwabban da aka sani, kuma wanda ya shiga shidan farko farashinsa ba ya bin jadawali. Tarihin hannayen da kwabo ya ratsa, tare da tsofaffin ambulan ɗinsa, yana ƙara masa daraja, saboda haka ba a yar da takardar da ta zo da shi.

Abin da ba a yi wa jan ƙarfe

Launin ƙasa-ƙasa da ke kan tsohon kwabo ba dauɗa ba ne. Fata ce da iska ta gina a hankali cikin shekaru, kuma ita ke kare ƙarfen da ke ƙasa. Tsamiya, lemun tsami, toka, yashi, man goge ƙarfe irin Brasso, duk suna cire ta cikin minti ɗaya, su tafi da rabin kuɗin kwabon ko fiye. Abin takaici ne ƙwarai ganin kwabon da ya tsira shekara ɗari biyu ya lalace a hannun mai son gyara shi.

Kore iri uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai tauri da sulɓi wanda ya manne ya zauna lafiya, a bar shi. Mai danƙo yana fitowa ne daga jakar roba mai laushi ta PVC, kuma yana narkewa a tsantsar ruwan sinadarin asiton: a jiƙa na ɗan lokaci a kwanon gilashi mai murfi, nesa da wuta da hasken rana, a wuri mai iska, a ɗauraye da sabon asiton, a bar shi ya bushe da kansa ba tare da shafawa ba. Ruwan goge farce ba ya maye gurbinsa, akwai turare da mai a ciki. Na uku shi ne kore mai haske mai gari-gari, wanda in an share yake dawowa. Gishiri ne ya shiga ƙarfen, yana haɗuwa da laima yana cin rami. A ware wannan kwabon daga sauran, a sa shi a mazubi mai rufuwa da ƙwayoyin silika masu shan laima, a kai wa mai gyaran kayan tarihi.

Ajiyar da masu wannan harka suka daɗe da yarda da ita ita ce 'yar jakar auduga a cikin ambulan na takarda mai faɗin inci biyu, ana share ƙura lokaci-lokaci da burushi mai laushin gashi irin na maƙeran zinariya. A nisanta shi da robar ɗaure kuɗi, da kwali, da fatar jima, don sulfa da ke cikinsu tana baƙanta jan ƙarfe. A ƙasashenmu damina ce lokacin haɗari, a sake busar da silika ko a canja ta kafin ruwa ya sauka.

Kwabban da ke gidajenmu

Kalmar kwabo kanta daga sunan jan ƙarfe a Ingilishi ta samo asali, kuma wannan tsari yana aiki a kan waɗanda ke cikin gwangwanayen kakanni. Kwabo mai huda da tauraro mai tsini shida na Afirka ta Yamma ta Ingila ya fara fitowa a 1907. Farare gaurayen jan ƙarfe da nikel ne, jajaye kuwa tagulla ce, daga 1952 aka koma ita, haka ma kwabon Tarayyar Nijeriya na 1959 da kwabo ɗaya na 1973 mai hoton rijiyoyin mai. A masu hudar, gano iri ya fi tsayawa a kan shekara, sunan sarki, da ɗan ƙaramin harafin gidan bugu: H na Heaton ne, KN na King's Norton, dukansu a Bamingam. Shekara ɗaya takan zo da harafi daban-daban, kuma yawansu ba ɗaya ba ne. An buga akasarinsu da yawa ƙwarai, har da na 1936 mai sunan Edward na Takwas, saboda haka wanda ya suɗe kuɗinsa kaɗan ne, mai sauran jan asali ne ake nema. Tunda babu hoton kai a kansu, suɗewar ana duba ta a kan duwatsun kambin sarauta, da layukan tauraron inda suka haɗu, da bakin hudar.

A bayan kowane ambulan a rubuta da fensir: shekara, lambar iri da ƙarancinsa, lambar kaifi da ta bayan ragi, nauyi, aibin da aka gani da wurinsa, ranar saye da abin da aka biya. Bayan wata shida a fito da kwabon a sake auna shi ba tare da an kalli rubutun ba, sannan a juya ambulan a kwatanta.